Shaguna biyu da fili ɗaya: inda sulhu ya yi aiki da inda sai kotu

Alhaji ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari da ke Kano. Da Allah ya karɓi ransa, an sayar da kayan rumfa an biya bashin abokan ciniki, ba wanda ya ce uffan. Abin da ya rage shi ne gida ɗaya a cikin birni, ba nisa da Kasuwar Kurmi, irin tsofaffin gidajen nan da ake fasa katangar gaba a fitar da shaguna, sai fili a bayan gari ta hanyar Gwarzo, wanda ya saya tun wurin yana gonaki. Magada shida ne: matarsa Hajiya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Uwargida ta riga shi rasuwa. Ita ta haifi babban ɗa, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, da kuma 'ya ɗaya, malamar firamare da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Sauran ukun 'yan ɗakin Hajiya ne. Ba zan kama sunan kowa ba, hanyar da suka bi ita ce abin dubawa.

Lissafin gadon kansa ba shi da wuya. Iyayen Alhaji sun rasu tuntuni. Hajiya tana da tumunin takaba, ɗaya bisa takwas, tunda akwai 'ya'ya. Ragowar bakwai bisa takwas kuwa namiji rabon mata biyu: kowane ɗa kaso 2, kowace 'ya kaso 1. Duk ɗalibin da ya karanta babin gado zai fitar da wannan a tsaye. Gardamar ta taso ne bayan Hajiya ta fita daga takaba, da aka zauna maganar rabo. Yaya ya ce shagunan gaban gida guda biyu ba sa cikin gado, Alhaji ya ba shi su kyauta tun yana da rai da lafiyarsa, shi ya sa ma ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo, ya sa ƙofofin ƙarfe da kuɗin aljihunsa.

Don sauƙin lissafi mu ƙaddara gidan da shagunan sun kai naira miliyan 40, shagunan kaɗai miliyan 10. In babu kyauta, kowace mace tana da miliyan 5, kowane namiji miliyan 10. In kyautar ta tabbata, miliyan 30 za a raba: kowace mace ta sauko miliyan 3.75, Yaya kuma ya tashi da miliyan 17.5. Ga mai rumfa a Kwari bambancin ba wani abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Ga malamar firamare mai marayu kuwa, shi ne kuɗin hayar shekaru.

Zama na farko a zauren gidan aka yi shi, bayan la'asar. Baffansu, ƙanin Alhaji, shi ya jagoranta, ga mai unguwa, ga limamin masallacin layin. Matan suna cikin gida. Biyu mazajensu ne suka wakilce su, Malama kuwa Baffa ya ce ai shi ne ubanta, shi zai tsaya mata. Ba a tambayi Yaya shaida ba, ba a ƙiyasta komai ba. Abin da aka yi ta maimaitawa shi ne a yi haƙuri, Yaya shi ne uban gidan yanzu, duniya nawa take. Aka tashi a kan a bar masa shaguna, gidan kuma kada a raba shi, a bar shi haka don kada a ce an sayar da gidan Alhaji. Liman ya shafa fatiha. Ko layi ɗaya ba a rubuta ba.

Da Baffa ya shiga cikin gida ya sanar da abin da aka yanke, Malama ta durƙusa ta ce, "Baffa, ban ƙi taka ba. Amma a fara faɗa mini nawa ne haƙƙina, sannan in ga abin da zan iya yafewa." A ganina duk wannan lamari a kan wannan magana tata ya tsaya. Mutum ba ya yafe abin da bai san yawansa ba. Malaman fiƙihu ma suna ɗaukar sulhun dukiya kamar ciniki, sharuɗɗan ciniki ne a kansa, shi ya sa ba ya inganta a kan abin da aka jahilta alhali ana iya saninsa. Gaskiya ne Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya ce sulhu alheri ne, amma hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya sa masa iyaka: sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Abin da aka yi a zauren nan roƙon mai rauni ne ta yi shiru, aka sa masa sunan sulhu. Wannan ya zama ruwan dare a gidajenmu, kuma kusan kullum mata da marayu ne ke biyan kuɗinsa. Ba na zargin Baffa da mugunta. Shi tsoronsa kada a ji kan 'ya'yan ɗan'uwansa a waje, kuma hanya mafi sauƙi ta hana hayaniya ita ce lallashin wanda ba shi da murya.

Abin lura, ba 'yan uba ne suka tayar da maganar ba. Hajiya da 'ya'yanta sun yi gum, domin ita fargabarta ɗaya ce: in aka ja zance za a ce a sayar da gida, ita kuma ba ta san ko'ina ba sai ɗakin da ta yi shekaru a ciki. Wadda ta ƙi yarda ciki ɗaya suka fito da Yaya.

Malama ba ta garzaya kotu ba. Ofishin Hisba na ƙaramar hukumarsu ta fara zuwa. Hukumar da dokar jiha ta kafa a 2003 tana sasanta rigingimun aure, bashi da na maƙwabtaka masu yawan gaske, ba a biyan kuɗin shigar da ƙara, kuma mace tana magana da bakinta. An gayyaci Yaya, ya zo, ya maimaita cewa kyauta ce, ya ce ba shi da abin ƙarawa. A nan iyakar Hisba ta bayyana. Ba kotu ba ce. Tana iya nasiha, tana iya rubuta abin da aka amince, amma ba ta da ikon yanke cewa kyauta ta inganta ko ta ɓaci, ba ta kuma iya tilasta wa wanda ya kafe. Suka ce mata in tana son hukunci, sai gaban alƙali.

To a nan ne zaɓin ya tsaya mata sosai, kuma masu hana ta ba ƙarya suke yi ba. An ce mata shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. An tuna mata matakan da ke gaba: in ta yi nasara a kotun shari'ar Musulunci ta ƙasa, Yaya na iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumin gado, kyauta, wasiyya da waƙafi, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, har Kotun Ƙoli a Abuja. Mai kuɗi da taurin kai zai iya bin wannan tsani mataki-mataki har mai ƙaramin ƙarfi ya gaji. Kafin nan gidan da ake shari'a a kansa ba mai gyara shi, domin ba wanda zai zuba siminti a abin da bai san ko nasa ba ne. Ɗakin ƙasa na bayan gidan ma tun daminar farko indararonsa ya karye, ruwa ya fara cin gindin katanga. Ɗaya daga cikin 'yan hayar shago, da jin ana rigima, ya daina biya, wai bai san wa zai ba ba. Ga kuɗin mota, ga ranakun da za ta bar aji, ga kuɗin da kotu ke karɓa a kan rabon gado. Mafi nauyi kuma, bakin unguwa: mace ta kai yayanta kotu.

Amma ɗaya ɓangaren fa? Hanyar sulhu an bi ta sau biyu ba ta ɓulle ba, kuma dalilin a fili yake. Shaguna suna hannun Yaya, haya tana shiga aljihunsa, kowane wata da ya wuce riba ce gare shi. Wanda yake cin moriyar jinkiri ba shi da abin da zai kai shi teburin sasanci. Sannan tambayar da ke tsakaninsu ba ta "yaya za mu raba" ba ce tukuna, ta "mene ne ma za a raba" ce, kuma wannan tambaya ce ta hujja da doka. Sai ta shigar da ƙara a wata kotun shari'ar Musulunci a cikin birni, ba lauya, tunda da Hausa ake yi. Ta nemi a raba gadon mahaifinta. Masinja ya kai wa Yaya sammaci har rumfa.

A gaban alƙali abubuwa suka sauya fuska. Tunda Yaya ne ke cewa wani abu ya fita daga dukiyar mamaci, shi ya zama mai da'awa a wannan gaɓar, shaida a kansa take. Kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, furta kyauta kawai ba ya wadatarwa idan mai kyautar ya rasu. Sai wanda aka ba ya karɓe abin ya riƙe shi a hannunsa, abin da ake kira hauzi, kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. In ba a yi haka ba, kyautar ta ɓaci, ta koma gado. Ba kuma za a juya ta a ce wasiyya ce ba, domin babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun amince.

Yaya ya kawo telan da ke haya a ɗaya shagon. Telan ya ce shi kam ya sha jin Alhaji yana cewa shagunan nan na babban ɗansa ne. Alƙali ya tambaye shi wa yake ba kuɗin haya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, Yaya nake ba, shi kuma ya shiga da shi wurin Alhaji." Aka tambaye shi wa ya yi masa ƙarin haya na ƙarshe. Ya ce Alhaji ne da kansa, a kan tabarmar ƙofar gida. Muhuti, wato magatakardan kotu, ya rubuta. Shaida na biyu, maginin da ya yi aikin bulo, ya tabbatar da cewa Yaya ne ya biya shi daga farko har ƙarshe, amma bai san komai game da kyauta ba. Duk wanda ke zaune a kotun ya ga inda zancen ya dosa, har Yaya kansa.

Alƙalin bai yanke hukunci ranar ba. Ya ce 'yan'uwa ne ku, ku je ku zauna, na ba ku wata guda, in kun daidaita ku kawo mini a rubuce, in ba ku daidaita ba ku dawo in yi abin da shari'a ta ce. Wasu na ɗaukar irin wannan a matsayin jan ƙafa, amma yana da tushe. A Tuhfa, littafin fiƙihu na Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa ta Andalus, wanda alƙalanmu ke aiki da shi, an ce alƙali yana kira zuwa sulhu idan hukunci ya rikice, idan kuwa gaskiya ta bayyana ba ya kira, sai fa in yana tsoron zartar da hukuncin zai haifar da fitina ko gaba tsakanin dangi. An kuma ruwaito daga Sayyidina Umar cewa a riƙa mayar da masu husuma su sasanta, domin hukunci yana gadar da ƙullaci.

Akwai kuma dalili na zahiri. Da an yanke, Yaya zai rasa shaguna, amma Hajiya ma za ta iya rasa ɗakinta. Gidan ba ya rabuwa kashi takwas ta yadda kowa zai amfana da nasa, kuma in abu bai rabuwa, ɗaya daga cikin masu shi ya nemi haƙƙinsa, hanyar da ta rage wa kotu ita ce a yi masa kuɗi, wani cikin magada ya saya ko a sayar wa na waje a raba kuɗin. Alƙali ba shi da hurumin ya ce a duba tsufan Hajiya, ko a jira ƙanin Yaya ya tara kuɗi. Wannan sai masu haƙƙin da kansu.

Zama na biyu ya bambanta da na farko ta kowace fuska, duk da cewa a gida ɗaya aka yi su. An samo wani malami masanin rabon gado daga wata unguwa, wanda ba ya cin komai a gidan, kowa ya yarda da shi. A tsakar gida aka shimfiɗa tabarma, matan duka suna nan, Gwaggonsu na gefe. Kafin a ce komai, an sa dillalai biyu, kowane ɓangare ya kawo ɗaya, sun yi wa gida da shaguna kuɗi, magini kuma ya ƙiyasta aikin da Yaya ya yi. Malamin ya karanta wa kowa kasonsa da lamba. Sannan ya keɓe da kowa ɗaya bayan ɗaya.

A keɓewar nan ne abin da ke cin Yaya ya fito. Ba miliyoyin ba ne kaɗai. Shekarun da ƙannensa ke makaranta shi yana rumfa tare da Alhaji, ba albashi, shi ya yi jinyar tsohon, yanzu a ce rabonsa daidai da na ƙanin da bai taɓa ɗaga dilar atamfa ba. Kuma ya yi imani har zuciyarsa cewa mahaifinsa ya yi nufin ba shi shagunan, wataƙila ma haka ne. A kotu wannan magana ba ta da gurbi, domin gado ba ladan wahala ba ne. A tabarmar sulhu kuwa an saurare shi, Hajiya da bakinta ta ce gaskiya ya faɗa. Wani abu da ya kamata mai shiga irin wannan zama ya sani: a sasanci na hukuma, ƙa'ida ce abin da aka faɗa a ɗaki ba ya zama hujja a kotu in an kasa daidaitawa, amma zaman gida ba shi da wannan kariya, wanda ya ji ka yi iƙirari zai iya ba da shaida a kai. Shi ya sa keɓewar ta yi amfani.

Ga abin da suka tashi da shi. Shaguna sun dawo cikin gado. Kuɗin ginin da Yaya ya yi an ɗauke shi bashi ne a kan dukiyar, a fitar masa kafin rabo. Shi ya karɓi shagunan a matsayin kasonsa bisa ƙimar da aka yi, ya ci gaba da riƙe abin da ya saba riƙewa, amma yanzu da hujja. Hajiya da 'ya'yanta uku suka haɗa kasonsu 5 suka riƙe cikin gida. Malama ta fita da kuɗi, ƙaninsu zai biya ta a kashi uku, an rubuta ranar kowane biya, mijin ɗaya ƙanwar ya tsaya masa lamuni. Ita kuma ta yafe kasonta na hayar da Yaya ya karɓa tun rasuwar Alhaji, ta kuma yarda da ƙimar da ta ɗan gaza abin da wani mai saye na waje ya taya. Ta yi asara, babu shakka, ga kuma biyan kashi-kashi a lokacin da darajar naira ke zubewa. Bambancin shi ne wannan karon ta san abin da ta bari, kuma da bakinta ta bar shi.

Sun mayar da takardar kotu, alƙali ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya ko ya amince ba tilas, sannan ya mayar da ita hukuncin kotu, aka ba kowa takardar mallakarsa. Wannan mataki ne da mutane da yawa ke tsallakewa, su dogara da fatiha, bayan shekara goma jikoki su tayar da zance. Sulhun da aka ƙulla a fiƙihu ba a warware shi don wani ya sake tunani, amma sai an iya tabbatar da an ƙulla ɗin. Kuma in ƙanin ya saɓa ranar biya, Malama ba sabuwar ƙara za ta shigar ba, zartarwa kawai za ta nema. Zumunci kuwa bai koma yadda yake ba. Ana gaisawa a biki da rasuwa, amma Yaya bai sake taka gidan ƙanwarsa ba. Masu cewa sulhu yana gyara komai suna ƙara gishiri.

Filin hanyar Gwarzo labarinsa daban. Ana cikin rigimar shaguna ƙanin ya je dubawa ya tarar an zagaye shi da katanga, an jibge yashi. Wani mutum ya ce saya ya yi, ya nuna takardar ciniki daga wani da ba wanda ya san shi a gidan. Alhaji kuwa yana da takardar shaidar mallaka ta gwamna. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 39, taƙaddama kan filin da gwamna ya ba da haƙƙin mallakarsa hurumin Babbar Kotun Jiha ne kaɗai, saboda haka a nan sai suka ɗauki lauya. Lauyan, kamar yadda ƙa'idar aikinsu ta wajabta masa, ya sanar da su akwai hanyar sasanci, ya ambaci sashen da Babbar Kotun Kano ta buɗe a 2009, wanda lauyoyi ke kira Multi-Door, inda ake zama da ƙwararren mai shiga tsakani, abin da aka cimma kuma alƙali ya sa masa hannu. Amma bai ba su shawarar su fara da nan ba, kuma ina ganin ya yi daidai. Babu zumuncin da za a kare. Takardu biyu ne a kan fili ɗaya, dole ɗaya ta faɗi. Mutumin kuma gini yake shirin yi, abin da ake buƙata cikin gaggawa shi ne umarnin kotu na dakatar da shi, kuma ba mai shiga tsakanin da ke da ikon ba da wannan. Ya yi bincike a ma'aikatar filaye, ya shigar da ƙara, kotu ta ce kowa ya tsaya inda yake har a gama shari'a.

Bayan umarnin ne mutumin ya aiko a zauna, yana neman a biya shi kuɗin katanga ya janye. Magadan sun rabu biyu a kai: ƙanin da Hajiya suna ganin a ba shi a huta, Yaya da Malama, karo na farko bakinsu ɗaya, sun ce ba za su sayi filin ubansu sau biyu ba. Shari'ar tana nan ana ta ɗage zama. A takardar sulhunsu an riga an rubuta cewa kuɗin lauya kowa zai biya gwargwadon kasonsa, kuma duk ranar da filin ya kuɓuta, a sayar a raba kashi takwas.